Abdurrahman Ibn Khaldun: Ɗalibin Zaituna Da Ya Zaga Fadojin Sarakuna Ya Ƙare A Kujerar Alƙalanci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san tarihin ilimi a Arewacin Afirka ya san Masallacin Zaituna da ke tsakiyar tsohon birnin Tunis. An kafa shi tun ƙarni na biyu na Hijira, ya zama wurin sallah kuma makaranta, daga bisani ya zama jami'a. Daga zaurukansa aka samu Imam Ibn Arafa, da Shaihu Ɗahir Ibn Ashur mai tafsirin Attahrir wat Tanwir, da Shaihu Abdulhamid Ibn Badis na Aljeriya. Amma idan ana lissafa waɗanda suka yi karatu a wannan gida, sunan da ya fi kowane tafiya nesa shi ne na Abu Zaid Abdurrahman bin Muhammad Ibn Khaldun Alhadrami. Ɗalibanmu da yawa sun san shi da littafin Muƙaddima kaɗai, kamar dai mutum ne da ya zauna a ɗaki tsawon rayuwarsa yana rubutu. Alhali kafin ya rubuta littafin sai da ya yi magatakarda, ya yi zaman kurkuku, ya yi jakadanci, ya riƙe ragamar wata masarauta, ya karɓi haraji a tsakanin ƙabilun jeji. Bayan ya rubuta shi kuma ya zama malamin jami'a da alƙalin alƙalai.

An haife shi a Tunis ranar 1 ga Ramadan shekara ta 732 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 27 ga Mayu, 1332. Danginsa suna jingina asalinsu ga Hadramaut ta ƙasar Yaman, ta tsatson sahabi Wa'il bin Hujr, Allah Ya yarda da shi. Kakanninsa sun daɗe a Andalus, suna cikin manyan gidajen birnin Ishbiliya, har zuwa lokacin da suka ga alamun birnin zai faɗa hannun Kiristocin Kastila. Suka tsallaka teku kafin faɗuwarsa a 1248, suka sauka a ƙarƙashin daular Banu Hafs a Tunis, inda suka riƙe manyan muƙamai. Kakan mahaifinsa ya riƙe sha'anin kuɗin daula, a kan wannan muƙami ne kuma wani ɗan tawaye da ya ƙwace mulki ya kama shi ya kashe shi. Mahaifin Abdurrahman ya kauce wa fada baki ɗaya, ya tsare kansa a kan karatu da ibada. Ɗansa bai gaje shi a wannan hali ba.

Karatunsa na farko ba zai zama baƙo ga wanda ya tashi a makarantar zaure ba. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanta shi da ƙira'o'i bakwai, ya bi Shaɗibiyya, ya yi nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa. Ya ji Muwaɗɗa Malik da Sahihu Muslim a wurin Ibn Jabir Alwadi Ashi, ya karanta Tahzib na Albaradi'i wanda yake taƙaitawa ne ga Mudawwana, ya kuma zauna a majalisin alƙalin Tunis, Ibn Abdussalam. A 1347 sarkin Maroko na daular Banu Marin, Abul Hasan, ya ci Tunis, ya zo da tawagar malamai tare da shi. Cikinsu akwai Muhammad bin Ibrahim Al'abili, wanda ya buɗe wa yaron ƙofar manɗiƙ da lissafi da ilimin hikima. Ibn Khaldun bai daina ambaton wannan malami da girmamawa ba har ƙarshen ransa.

Yana ɗan shekara goma sha shida annobar ɗa'un ta auka wa Tunis, a tsakanin 1348 da 1349. Ita ce annobar da ta ratsa Gabas da Yamma ta rage al'ummar Turai da ta ƙasashen Musulmi raguwa mai ban tsoro. Ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da mafi yawan malamansa. Wanda ya karanta Muƙaddima da wannan a ransa zai gane dalilin da ya sa marubucin bai taɓa kallon birni ko daula a matsayin abin da zai dawwama ba. Yana yaro ya ga unguwanni sun zama kufai, ya ga majalisun ilimi sun watse a cikin 'yan watanni.

Bai kai shekara ashirin ba ya taƙaita littafin Almuhassal na Fakhruddin Arrazi, ya sa masa suna Lubabul Muhassal. A daidai wannan lokaci aka ba shi aikinsa na farko a fada, wato rubuta kalmar godiya ga Allah da manyan haruffa a tsakanin Basmala da jikin takardun sarki. Aiki ne mai suna, amma babu ɗanɗano a cikinsa ga mai irin ƙwaƙwalwarsa. Da rundunar da ya fita da ita ta sha kashi a 1352, sai ya sulale ya nufi yamma, ya isa Fas a 1354 a zamanin Sarki Abu Inan. Nan ya shiga sahun magatakardan sarki, yana kuma ci gaba da ɗaukar karatu a wurin malaman birnin da baƙin da ke zuwa daga Andalus.

Daga nan sai shekaru wajen ashirin na faɗi-tashi, waɗanda ba za mu iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. A 1357 aka zarge shi da haɗa baki da wani ɗan sarautar Banu Hafs mai suna Abu Abdullah, wanda ke tsare a Fas yana neman hanyar komawa sarautarsa ta Bijaya. Aka jefa shi kurkuku, ya yi kusan shekara biyu, bai fito ba sai bayan rasuwar Abu Inan. Ya taimaka wa Abu Salim ya hau gadon sarauta, aka saka masa da muƙamin magatakardan sirri, daga baya aka ba shi duba ƙorafin waɗanda aka zalunta. A wannan zama ne ya ga tawagar sarkin Mali ta iso Fas da kyautar raƙumin dawa, jama'a suka yi cincirindo don kallo.

A ƙarshen 1362 ya tsallaka zuwa Garnaɗa wurin Sarki Muhammad na Biyar da wazirinsa, shahararren marubuci Lisanuddin Ibnul Khaɗib. A 1364 aka aike shi Ishbiliya don ƙulla sulhu da Pedro, sarkin Kastila. Ya shiga birnin kakanninsa yana baƙo. Pedro ya yi masa tayin ya zauna a fadarsa a mayar masa da dukiyar gidansu, ya ƙi. Wannan ƙin yana cikin abubuwan da muke ganin sun cancanci a riƙa tunawa da su game da shi, domin mutumin da ya sauya iyayen gida sau da dama a tsakanin sarakunan Musulmi ya nuna akwai iyakar da ba ya ƙetarewa.

Zumuncinsa da Ibnul Khaɗib ya yi sanyi, sai ya koma Bijaya a 1365, inda tsohon abokinsa Abu Abdullah ya dawo kan mulki. Aka naɗa shi hajibi, wanda a lokacin shi ne na biyu bayan sarki. Da safe yana tafiyar da al'amuran mulki, sannan ya wuce masallaci ya karantar, a wasu lokutan kuma ya hau doki ya shiga duwatsu karɓar haraji daga ƙabilun da ba su son biya. Shekara guda kacal aka yi, sarkin Ƙusanɗina Abul Abbas ya kashe Abu Abdullah a fagen fama. Ibn Khaldun ya miƙa masa birnin ba tare da yaƙi ba. Masu kare shi suna cewa ya tsare jinin talakawa ne, masu suka kuma suna cewa ya tsare kansa ne. Mu dai abin da muke gani shi ne zamani ne da amana ta yi ƙaranci a fadoji, kuma shi ma bai fita daga cikinsa da tufafi fari fat ba. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana kai-komo tsakanin Biskara da Tilimsan da Fas, yana tara wa wannan sarki mayaƙan Larabawan jeji yau, gobe ya tara wa wancan. A ƙarshe aka shaƙe Ibnul Khaɗib a kurkukun Fas, ƙanin Ibn Khaldun mai suna Yahaya kuma aka kashe shi a Tilimsan yana magatakardan sarki.

A 1375 sarkin Tilimsan ya sake aiken sa wurin ƙabilu. Ya fita kamar zai tafi, sai ya karkata ya nemi mafaka wurin Aulad Arif, suka sauke shi da iyalinsa a wata ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama, kusa da garin Farenda a yammacin Aljeriya ta yau. Ya yi kusan shekara huɗu a can, babu fada, babu kasuwa, babu ɗakin littattafai. A nan ya rubuta Muƙaddima, ya gama zubin farko cikin wata biyar a shekara ta 779, wato 1377, yana da shekara arba'in da biyar.

Niyyarsa ta farko ita ce rubuta tarihi. Sai ya lura cewa marubutan tarihi suna kwasar labari daga na gaba da su ba tare da aunawa ba. Malaman hadisi suna da ma'aunin jarhu da ta'adili don tantance masu ruwaya, kuma wannan shi ne abin dogaro a cikin hukunce-hukuncen shari'a. Amma labarin yaƙi ko yawan runduna ko dukiyar wani sarki, a ganinsa, kafin a tambayi wanda ya faɗa sai an fara tambaya ko abin zai iya faruwa. Ya kawo misali da adadin mayaƙa dubu ɗari shida da Almas'udi da wasu suka ba rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam. Ya auna adadin da girman ƙasar da za ta ciyar da su, da faɗin filin da za su yi sahu, da yawan zuriyar da za a iya samu a tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, ya nuna lissafin bai tsaya ba. To amma kafin mutum ya san abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, dole ya san ɗabi'ar zaman jama'a: yadda suke neman abinci, yadda suke haɗa kai, yadda mulki ke kafuwa da yadda yake rushewa. Wannan shi ne ilimin da ya kira ilimin umran, ya kuma san cewa sabon fage ne ya buɗe.

Ginshiƙin bayaninsa shi ne asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke sa jama'a su tsaya wa juna har su yarda su mutu don juna. Ya ce wannan ƙarfi ya fi yawa ga mutanen jeji da ƙauye, saboda wahala ta horar da su kuma ba su da ganuwa sai junansu. Idan suka samu kiran addini ya haɗa zukatansu, sai ƙarfin ya ninka, su ci birane su kafa daula. Zuriya ta farko tana riƙe da juriyarta. Ta biyu ta tashi a cikin daɗi, amma ta ga iyayenta, tana tuna wani abu. Ta uku ba ta san komai ba sai ni'ima, ta dogara ga sojan haya da barori, har wasu masu sabon ƙarfi su zo su ture ta. Ya ƙiyasta kowace zuriya da shekara arba'in, ya ce yawanci daula ba ta wuce shekara 120 ba tare da tsufa ya kama ta ba. Bai ɗauko wannan daga littafi ba. Shi ne ya zauna a tantunan ƙabilu yana cinikin goyon bayansu, shi ne kuma ya ga 'ya'yan sarakuna suna yanka juna a kan kujera.

Abin da ya faɗa a kan dukiya ya fi kowane sashe kusa da rayuwarmu. A farkon daula, in ji bayaninsa, haraji kaɗan ne a kan kowane mutum amma abin da ke shiga baitulmali mai yawa ne, domin mutane suna da ƙwarin gwiwar noma da fatauci. Idan fada ta saba da almubazzaranci sai a yi ta ƙara haraji da ƙirƙiro sababbi, har manomi da ɗan kasuwa su ga wahalarsu ba ta biya, su janye hannu, kuɗin shiga ya ragu. Ya yi gargaɗi a kan mai mulki ya shiga kasuwanci yana gogayya da talakawansa. Ya faɗaɗa ma'anar zalunci ta haɗa da ƙwace dukiya, da aikin tilas, da karɓar abin da shari'a ba ta wajabta ba, da hana mai haƙƙi haƙƙinsa, ya nuna cewa duk waɗannan suna kashe sha'awar nema, idan nema ya mutu kuwa gari ya mutu, daula ta bi shi. A nan ya haɗa bincikensa da manufofin shari'a na tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya.

Malamai da iyaye ma suna da rabonsu a littafin. Ya yi bayanin cewa tsananta wa yaro da duka yana koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye da kasala, domin yakan saba da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron bulala. Ya soki yawan dogaro da taƙaitattun littattafai masu dunƙulallun kalmomi ga mai fara karatu. Ya ba da shawarar a bi fanni sau uku: da farko a dunƙule, sannan da sharhi da ambaton saɓani, sannan a warware masu wuya. Akwai kuma fasalin da ya nuna cewa malamai sun fi kowa nisa da iya siyasa, saboda sun saba da hukunci na gaba ɗaya da ƙiyasi, ita kuwa siyasa kowace matsala da irin fuskarta. Mai karatu zai iya murmushi a nan, ganin wanda ya rubuta.

Ba duk abin da ke cikin littafin ne za a karɓa ba. Malaman hadisi sun yi masa raddi a kan yadda ya raunana hadisan Mahadi, suna ganin ya shiga fagen da ba nasa ba ne. Mu ma a nan muna da namu ƙorafin. Ya yi daidai da ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa baƙar fata sakamakon la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu ce, ya mayar da launi ga yanayin zafi da sanyi. Amma ya biyo tsohon rabon yankuna na Girkawa ya faɗi maganganu marasa daɗi a kan baƙaƙen da ke can kudu, mutanen da bai taɓa zuwa ƙasarsu ba, ya faɗa cikin irin kuskuren da ya hana wasu. Duk da haka, tarihinsa babba, Kitabul Ibar, yana cikin mafi muhimmancin abin da ake dogara da shi wajen sanin jerin sarakunan Mali, tun daga Mari Jaɗa har zuwa Mansa Musa da hajjinsa na 1324 da waɗanda suka biyo baya. Ya samo wani sashe na labarin daga bakin Shaihu Usman, wani faƙihin mutanen tsohuwar Gana da ya haɗu da shi a Misira. Ya kuma ambaci kyautar da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257. Bayan fiye da shekara ɗari biyu, Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya kafa hujja da maganarsa a kan batun Ham a cikin Mi'irajus Su'ud, littafin da ya bayyana a ciki cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bautar da su bai halatta ba.

A ƙarshen 1378 buƙatar littattafai ta mayar da shi Tunis bayan shekara ashirin da shida. Ya zauna karantarwa, ɗalibai suka yi masa yawa, tsakaninsa da Ibn Arafa, limamin Zaituna kuma muftin gari, ya yi tsami. Dukansu biyu manya ne, kuma ba wannan ne karo na farko ko na ƙarshe da gari ɗaya ya kasa ɗaukar malamai biyu ba. A 1382 ya nemi izinin tafiya hajji, ya hau jirgin ruwa zuwa Iskandariyya. Bai sake ganin Magrib ba.

Ya shiga Alƙahira a farkon 1383, jim kaɗan bayan Sarki Barƙuƙ na Mamluk ya hau mulki. Ya fara karantarwa a Azhar, sannan aka ba shi makarantar Ƙamhiyya wadda Salahuddin Al'ayyubi ya gina wa Malikawa. A 1384 aka naɗa shi babban alƙalin Malikiyya na Misira. Abin da ya tarar a kotuna shi ne shaidun zur da suka mayar da shaida sana'a, da masu ba da fatawa ga duk wanda ya zo ko da ta ci karo da hukuncin da aka riga aka yanke, da masu dabarar cinye dukiyar waƙafi. Ya tsananta musu, ya ƙi karɓar ceton manyan fada, ya kuma ci gaba da sanya tufafinsa na mutanen Magrib maimakon shigar alƙalan Misira. Maƙiya suka yi masa yawa. A cikin wannan hali ne jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya, matarsa da 'ya'yansa mata suka rasu, dukiyarsa ta tafi. Ba a jima ba ya bar kujerar. Ya koma koyarwa, ya sauke faralin hajji a 1387, ya dawo ya karantar da Muwaɗɗa a makarantar Sargatmish, aka kuma ba shi shugabancin zawiyar Baibars.

A 1389 wasu manyan hafsoshi suka tumɓuke Barƙuƙ, suka tara malamai suka sa su sanya hannu a fatawar halatta yaƙarsa. Ibn Khaldun yana cikin waɗanda suka sa hannu, duk da cewa Barƙuƙ ne ya ɗaukaka shi. Da sarkin ya dawo kan mulki a shekarar da ta biyo baya, sai ya raba shi da zawiyar. Ya yi uzuri da cewa tilasta musu aka yi. Ya ɗauki kusan shekara goma kafin ya sake hawa kujerar alƙalanci, a 1399.

Yana da shekara sittin da takwas aka tafi da shi Sham cikin tawagar Sarki Faraj ɗan Barƙuƙ don tarar Taimur Lank, wanda ya riga ya ragargaza Halab. Suna Dimashƙa sai labarin makirci ya zo daga Misira, sarki ya juya da rundunarsa ya bar birnin a kewaye. A watan Janairu na 1401 aka zura dattijon da igiya daga saman ganuwa, ya tafi sansanin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana kai-komo wurinsa, suna tattauna tarihi da nasabar sarakuna da batun asabiyya ta bakin tafinta. Ya kai masa kyautar Mus'hafi da dardumar sallah da kwafin Burda ta Albusiri da alewar Misira. Taimur ya nemi ya rubuta masa bayanin ƙasar Magrib, ya rubuta. Ya samo wa wasu abokan tafiyarsa takardar aminci, amma bai iya ceton Dimashƙa ba: an washe ta, wuta ta ci Masallacin Banu Umayya. A hanyarsa ta komawa 'yan fashi suka tare ayarinsu suka tuɓe su. Da ya isa Alƙahira sai ya rubuta wa sarkin Fas wasiƙa yana bayyana masa ko wane ne Taimur da irin ƙarfinsa.

Sauran shekarunsa biyar sun tafi ne a tsakanin naɗi da tuɓewa, har jimillar hawansa kujerar babban alƙali ta kai sau shida. A tsakanin haka yana ta gyaran Kitabul Ibar da tarihin rayuwarsa da ya kira Atta'arif, wanda ya ci gaba da ƙara masa har kusa da rasuwarsa. Almaƙrizi, babban marubucin tarihin Misira, ya zauna a gabansa ya kuma yaba Muƙaddima matuƙa. Hafiz Ibn Hajar Al'asƙalani ma ya san shi ya karɓa daga gare shi, ko da yake bai ɓoye sukarsa a wasu wurare ba. Malaman daular Usmaniyya sun rungumi littafin suna neman dalilin raunin daularsu a cikinsa, aka fassara shi zuwa Turkanci a ƙarni na 18. An buga matanin Larabci a Paris a 1858, cikakken Kitabul Ibar ya fito a Bulaƙ ta Misira cikin mujalladi bakwai bayan kimanin shekara goma, fassarar Ingilishi ta Franz Rosenthal kuma ta fito a 1958.

Ya rasu a Alƙahira ranar 26 ga Ramadan shekara ta 808, cikin watan Maris na 1406, 'yan kwanaki bayan naɗinsa na shida, yana da shekara saba'in da shida a ƙidayar Hijira. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasr. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.